Daga Magatakarda Zuwa Akawu: Tarihin Aikin Ofis a Arewacin Nijeriya

Aikin akawu, wato ma'aikacin da ke karɓar takardu a ofis, ya shigar da su rajista, ya kwafe su, ya adana, ya kuma fito da su duk lokacin da aka nema, sana'a ce da ba ta daɗe ba a ƙasar Hausa idan aka gwada ta da ƙira ko jima ko rini, sai dai ba a kan fili fetal ta sauka ba, domin ta tarar da tsohuwar al'adar rubutu a fadojin sarakuna da zaurukan alƙalai. Saboda haka tarihinta ya biyo hanyoyi biyu da suka jera kusan shekara hamsin ba su haɗu ba: hanyar magatakarda, wanda ke rubutu da Larabci yana yi wa sarki hidima, da hanyar akawu, wanda ke rubutu da Turanci yana yi wa gwamnatin mulkin mallaka hidima. Abin da ya raba su bai tsaya ga harshe ba, ya kai har ga matsayin da takarda kanta take da shi a cikin mulki.

A Daular Sakkwato, wadda ta kafu bayan jihadin da aka fara a 1804, wasiƙun da ke kai da komo tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan tuta suna bi ta hannun Waziri ne, kuma Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya riƙe wannan muƙami a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, shi ne ya kafa gidan da ya ci gaba da riƙonsa. Kowane babban sarki yana da magatakarda, malamin da ya iya Larabci kuma yake da kyawun hannu, wanda ke zama kusa da sarki ya ji abin da ake so a faɗa, sannan ya zuba shi cikin tsararriyar siga: bisimilla, sunan mai aikawa da na wanda aka aika wa, gaisuwa da addu'a, sannan saƙon, a buga hatimin sarki a kai. Alƙalaminsa na kara ne, tawadarsa haɗin gida ce da ake kamawa da ƙaro, takardar kuwa daga Italiya take fitowa ta ratso Sahara ta hanyar Tarabulus, kuma da yawa daga cikinta na ɗauke da alamar jinjirin wata uku da ake gani idan an ɗaga ta ga haske.

Wanda ya duba wasiƙun da Turawa suka samu a gidan Waziri Buhari lokacin da suka shiga Sakkwato a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya fassara aka buga a 1927, zai lura cewa yawancinsu gajeru ne kuma ba su da kwanan wata. Dalili shi ne wasiƙa ba ita kaɗai take tafiya ba, tana tare da manzo amintacce wanda ainihin bayanin ke bakinsa, ita kuwa aikinta shi ne ta shaida cewa wannan baki daga wurin sarki ya fito. Mulki ya dogara ne da amana da kuma ƙwaƙwalwar fadawa, kuma jakada, wato wakilin da hakimi ke aikawa daga birni ya tattaro kuɗin ƙasa a garuruwan da ke hannunsa, ba ya buƙatar littafi kafin ya san abin da kowane gari ke bayarwa.

Wannan tsari ne ya juye bayan da Frederick Lugard ya shelanta kafuwar mulkin Ingila a Arewa ranar 1 ga Janairun 1900 a Lakwaja, aka kafa hedkwata a Jebba, sannan aka mayar da ita Zungeru a 1902, daga baya kuma Kaduna a 1917. Turawan da ke riƙe da larduna 'yan kaɗan ne, ana yawan sauya musu wurin aiki, suna kuma komawa gida hutu a kai a kai saboda zazzaɓi, don haka sabon Razdan, wato Baturen da ke shugabantar lardi, ko sabon Di'o, mai kula da yanki a ƙarƙashinsa, ba shi da inda zai san abin da magabacinsa ya yanke sai a rubuce. Takarda ta tashi daga matsayin 'yar rakiyar manzo ta zama ita ce ƙwaƙwalwar mulkin, kuma wannan ne ya haifar da buƙatar mutumin da zai zauna da ita kullum. Da yake babu makarantun boko a masarautun Musulmi a lokacin, sai aka ɗauko akawuna daga Legas da sauran garuruwan Kudu, da Saliyo, da ƙasar da yanzu ake kira Gana, yawancinsu Kiristoci da suka yi karatu a makarantun mishan. Haihuwar Nnamdi Azikiwe a Zungeru a 1904 ba ta rasa nasaba da wannan ba, domin mahaifinsa akawun gwamnati ne a can. Irin waɗannan ma'aikata, tare da na jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911, su ne suka fara cika unguwannin Sabon Gari da aka keɓe wa baƙi a wajen ganuwa.

Aikin yau da kullum na wannan akawu ya cancanci a tsaya a kansa, domin a cikinsa ne ikonsa yake. Idan jakar gidan waya ta iso, ko masinja ya kawo saƙo daga fada, akawun rajista ne ke buɗewa, ya buga tambarin ranar karɓa, ya rubuta a babban littafin shigowar takardu daga wa ta fito da abin da ta ƙunsa, sannan ya nemo fayil ɗin da ya dace da batun, ya huda takardar ya ɗaure ta a ciki, ya ba ta lambar shafi. Fayil shi ne bangon da ake tara duk takardun da suka shafi magana ɗaya bi da bi, yana da lamba da suna, kuma a cikinsa akwai shafukan da jami'ai ke rubuta ra'ayi ko umarni, kowa ya sa hannu da kwanan wata, ta yadda mai karatu zai iya bin maganar tun daga tushe. Idan Bature ya rubuta amsa da hannu, akawu ne ke buga ta da tafireta, ya sa takardar kabon a tsakani don a sami kwafi biyu ko uku, ɗaya ya tafi, ɗaya ya koma fayil. Wasiƙar da za ta fita ana shigar da ita littafin aike, wanda masinja ke ɗauka ya sa mai karɓa ya sa hannu, don kada gobe a ce ba ta iso ba. Akwai kuma saƙonnin tangarahu da ake kwafewa, da jerin albashi, da bauca, wato takardar da ke ba da izinin fitar da kuɗi, da lissafin da ake yi da fam da sule da kwabo, inda kwabo 12 ke yin sule, sule 20 kuma su yi fam, lissafin da kuskuren kwabo ɗaya a cikinsa kan hana mutum tashi daga ofis har bayan la'asar. Matakan aikin sun tashi daga akawu mai daraja ta uku har zuwa babban akawu, wanda yakan fi duk Turawan ofis daɗewa a wurin, ya kuma fi su sanin inda kowace magana ta kwana.

Ba abin mamaki ba ne da irin wannan mutum ya zama abin shakka daga ɓangarori biyu. Talaka ya san cewa kokensa ba zai kai teburin Di'o ba sai ya bi ta hannun masinja da tafinta da akawu, kuma kowannensu na iya gaggauta shi ko ya danne shi a ƙarƙashin tarin takardu ba tare da ya faɗi kalma ɗaya ta ƙarya ba. Turawa su ma sun san haka, shi ya sa aka wajabta wa jami'an mulki cin jarrabawar Hausa, don su riƙa magana da sarakuna ba tare da ɗan tsakani ba. Sai dai ya kamata a karanta ƙorafin Turawa game da akawuna da hattara, domin wani ɓangare nasa tsoron rashawa ne na gaskiya, wani kuwa ƙyamar ɗan Afirka mai ilmin boko ce, wanda ke karanta jaridun Legas kuma yake ganin asirin mulkin daga ciki.

A ɗaya hanyar, wato ta En'e, hukumar gargajiya da aka bar wa sarakuna a ƙarƙashin kulawar Razdan, rubutu ya yaɗu ne ta dalilin haraji. Da aka fitar da hakimai daga birni aka zaunar da su a gundumominsu, kowane hakimi ya buƙaci malamin da zai riƙe masa jerin sunayen masu biyan haraji, kuma da aka kafa baitulmali a masarautu wajen 1911, inda En'e ke riƙe rabin abin da aka tara a manyan masarautu, sarki da hakimai da alƙalai kuma suka koma kan albashi, sai ma'aji da malamansa suka zama wajibi. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, kuma daga cikin manyan manufofinta har da koya wa malaman da suka riga suka yi karatun allo da na littattafai rubutun boko da lissafi don su riƙe waɗannan ayyuka. Daga nan aka sami malamin haraji, da malamin jangali mai ƙirga shanun Fulani yana yanka rasit, da malamin kasuwa, da marubucin kotun alƙali, da kuma malaman taki na ƙasar Kano, waɗanda ke auna gonaki da takun ƙafa don a yanka wa kowa haraji gwargwadon faɗin gonarsa. Waɗannan ba a kiransu akawuna, malamai ake ce musu, suna rubutu da Hausar boko ko ajami ko Larabci, albashinsu bai kai na akawun gwamnati ba, kuma samun aikinsu ya fi dogara da kusanci da fada. Amma su ne mutanen karkara suka sani, kuma rasit ɗin harajin da suke yankawa, wanda matafiyi ke naɗewa a aljihu ko cikin hula don nuna wa ɗan doka a hanya, shi ne takardar hukuma ta farko da mafi yawan talakawa suka taɓa mallaka.

Kamfanonin ciniki irin su UAC, da aka kafa a 1929, da John Holt da G. B. Ollivant sun samar da nasu nau'in, akawun kanti da akawun sayen gyaɗa da auduga, wanda ke zaune gaban sikeli lokacin kaka yana rubuta nauyi da farashi, kuma manoma ba su taɓa amincewa da shi ɗari bisa ɗari ba.

Hanyoyin biyu sun fara haɗuwa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ya bayyana cewa mulkin kai na tafe alhali ofisoshin gwamnati a Kaduna da hedkwatocin larduna na hannun baƙi. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, malaman makaranta ta fi yayewa, kuma ba su da yawa. A ƙarshen shekarun 1940 aka buɗe makarantar horar da akawuna a Zariya, wadda ta zama Cibiyar Koyon Sha'anin Mulki ta Kongo a 1954, sannan ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma a nan ne malaman En'e suka riƙa zuwa koyon tafireta da tsarin fayil da lissafin baitulmali. Alhaji Ado Bayero, wanda ya yi aikin akawu a banki kafin ya zama Sarkin Kano a 1963, yana cikin waɗanda suka bi ta wannan makaranta. Ƙudurin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar a majalisar Arewa a 1950, na neman a gyara tsarin En'e, ya ƙara matsa lamba a kan ingancin ma'aikatanta. Gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello kuwa ta ɗauki manufar mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa, inda aka fifita ɗan Arewa a kan kowa, in babu shi a ɗauki Bature na wucin gadi, kuma kujerun akawu ne suka fi saurin sauya hannu saboda su ne suka fi yawa kuma horonsu bai da tsawo. Manufar ta buɗe wa dubban samari ƙofa, ta kuma rufe ta ga iyalan baƙi da wasunsu a Arewa aka haife su, kuma ɗacin da hakan ya bari na cikin abubuwan da suka dagula siyasar shekarun 1960. A Nijar ma an ga makamancin haka, domin Faransawa sun cika ofisoshin Damagaram da Yamai da ma'aikata daga Dahomey da Togo da Senegal, kuma a ƙarshen 1963 gwamnatin Diori Hamani ta sallami 'yan Dahomey a lokacin rikicin tsibirin Lete.

Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967 da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya kawo ƙarshen En'e, bambancin malamin hakimi da akawun gwamnati ya gushe a hukumance, ofisoshi suka ninka, mata kuma suka shigo aikin da yawa, musamman ɓangaren buga tafireta da sakatarci. Tsoffin fayilolin da akawunan farko suka ɗaure suna Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, a jere bisa larduna da lambobin da aka ba su tun asali, kuma kusan duk wani bincike a kan haraji ko sarauta ko iyakar ƙasa a Arewa daga cikinsu yake ɗiba, ko da yake sunayen Turawan da suka sa hannu ne ake ambata, waɗanda suka buga takardun kuwa galibi haruffan farko na sunayensu kawai suka rage a ƙasan shafi. Kwamfuta ta kori tafireta daga shekarun 1990, shagunan buga takardu da hoton takarda suka ɗauke wani kaso na aikin zuwa bakin titi, biyan albashi ya koma ta banki, amma a mafi yawan ma'aikatun jihohi da sakatariyoyin ƙananan hukumomi har yanzu takardar neman ƙarin girma ko kuɗin fansho sai an buga mata tambari a rajista, an sa ta a fayil, masinja ya ɗauka ya kai ofis na gaba.