Kakin fetur: yadda matatu ke cire masa mai da sinadaran narkarwa

Kakin fetur, wanda masu jin Faransanci ke kira paraffine, shi ne farin daskararren abin nan da ake yin kyandir da shi. A unguwar Ridina da ke gunduma ta 5 a birnin N'Djamena, kamar sauran unguwannin da wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, da wuya a rasa fakitin buji a shagon mai tireda. Kakin yana shiga ƙirar ashana, man goge takalmi, kwalin da ba ya jiƙewa da tayar mota. Kafin ya kai ga waɗannan amfanoni sai an raba shi da man da ke maƙale a jikinsa, aikin da Faransawa ke kira déshuilage. Yawan man da ya rage shi ke yanke darajar kaki, farashinsa, da ko ya halatta ya taɓa abinci.

Daga ina kakin yake fitowa

Ɗanyen man fetur haɗakar ɗaruruwan sinadarai ne na kabon da haidirojin. Masu gajeren jerin kabon su ne gas da fetur, matsakaita su ne kananzir da gazuwal. Idan jerin ya miƙe ya kai ƙwayoyin kabon 20 zuwa 40, sinadarin yana daskarewa a zafin ɗaki, kuma shi ne kakin fetur. Yana narkewa tsakanin digiri 46 da 68 a ma'aunin Selshiyus. Akwai wani nau'i mai ƙananan ƙwayoyi da ake samu daga ƙurar tukunyar tacewa, wanda ya fi danƙo kuma sai zafi ya fi haka yake narkewa.

Bajamushe Karl von Reichenbach ne ya fara ware wannan kaki a 1830 daga kwaltar itace, ya raɗa masa suna daga kalmomin Latin masu nufin abin da bai cika haɗuwa da wasu sinadarai ba. A 1850 James Young na Sikotilan ya yi rajistar hanyar samar da shi daga gawayin ƙasa, daga baya rijiyoyin man Amurka suka mayar da shi abu mai araha har ya ture kyandir na kitse.

A matata kakin yana fitowa ne daga sashen man inji. Man da za a zuba wa mota dole ya ci gaba da gudu ko da sanyi, alhali kakin da ke cikinsa yana sa shi ya kama jiki, kamar yadda manja ke daskarewa a kwalba lokacin hunturu. Saboda haka ake cire kakin daga man. Abin da aka tsame a wannan mataki na farko ɗanyen kaki ne mai laushi, ruwan ɗorawa ko ƙasa-ƙasa, da Faransawa ke kira gatsch. Yana ɗauke da mai daga kashi 5 zuwa kashi 20 cikin 100, wani lokaci fiye da haka. Mataki na biyu shi ne a cire man daga kakin.

Tsohuwar hanya: sa kaki gumi

Kafin zuwan sinadaran narkarwa, ana zuba narkakken ɗanyen kaki a manyan faranta masu raga a ƙasa, a bar shi ya daskare, sannan a riƙa ɗaga zafin ɗakin a hankali. Mai da kaki mai laushi su ne ke fara narkewa su tsiyaye, tsantsar kakin ta rage a kan raga. Duk wanda ya ga yadda mata ke matse tunkuza mai ya fito kafin a soya ƙuli-ƙuli zai gane manufar. Hanyar tana cin kwanaki, tana asarar kaki mai kyau tare da man, kuma ba ta aiki ga kaki mai ƙananan ƙwayoyi domin yana riƙe mai tamau. Wannan ne ya sa aka nemi wata dabara.

Yadda sinadaran ke aiki

A 1927 kamfanin Indian Refining da ke Lawrenceville a jihar Ilinoi ta Amurka ya fara raba kaki da mai ta amfani da asiton da benzin, kamfanin Texaco kuma ya saye shi a 1931 ya yaɗa fasahar. A yau haɗin da aka fi sani shi ne na sinadarai biyu, MEK da toluwin, kuma kowanne da aikinsa. Toluwin yana narkar da mai sosai ko da an sanyaya shi, amma da shi kaɗai zai narkar da kakin ma. MEK kuwa ba ya riƙe kaki idan ya yi sanyi, sai ya tilasta masa fitowa ƙwaya-ƙwaya. Idan MEK ya yi yawa, man zai ware daga ruwan ya koma jikin kakin. Idan toluwin ya yi yawa, kaki mai kyau zai bi man ya tafi. Gwanintar injiniya ita ce daidaita su gwargwadon nauyin man da ake tacewa. Wasu matatu suna haɗa MEK da MIBK, wasu kuma suna amfani da gas ɗin furofen da aka mayar ruwa, wanda yake sanyaya kansa har wajen digiri 40 ƙasa da sifiri yayin da yake tururi.

Ga yadda aikin ke tafiya. Ana narkar da ɗanyen kakin, a gauraya shi da sinadarin mai ɗumi har ya zama ruwa ɗaya. Daga nan a bi da shi ta cikin dogayen bututu masu riɓi biyu: haɗin yana gudu a na ciki, abin sanyayawa a na waje, wasu wuƙaƙe masu juyawa kuma suna kankare kakin da ya manne a bango. Dole sanyin ya sauka sannu a hankali. Gaggawa tana haifar da ƙananan ƙwayoyi masu toshe matacin, su kuma ƙulle mai a tsakaninsu. Sanyaya a natse yana ba da manyan ƙwayoyi masu saurin tacewa.

Bayan haka haɗin yana shiga matacin, wata ƙatuwar ganga da aka naɗe da ƙyalle, tana juyawa a hankali rabinta a nutse. Ana zuƙe iska daga cikinta, ruwan da ke ɗauke da mai ya ratsa ƙyallen ya shige, kakin ya tsaya a waje kamar waina. Ana fesa masa tsantsar sinadari mai sanyi domin wanke sauran man, sannan a ɓamɓare shi. Idan ana son kaki mai tsabta ƙwarai, sai a sake dama shi da sabon sinadari a tace karo na biyu ko na uku. Gangar a rufe take ruf, cike da iskar da ba ta kama wuta, domin tururin MEK yana iya tashi da ɗan tartsatsi.

Bambancin matakan biyu yana ga zafin tacewa. Lokacin da ake neman man inji ana tacewa a tsananin sanyi, wajen digiri 20 ƙasa da sifiri, domin kada wani kaki ya saura a cikin man. Lokacin da ake neman kaki kuwa ana tacewa a zafin da ya fi haka, daga sifiri zuwa wajen digiri 25, domin kaki mai laushi ya narke ya bi man, mai tauri kaɗai ya tsaya. Ƙara zafin tacewa yana ba da kaki mai wuyar narkewa amma kaɗan. Rage shi yana ba da mai yawa amma mai laushi.

Ba a zubar da sinadarin. MEK yana tafasa a wajen digiri 80, toluwin a wajen 111, kaki da mai kuwa sai zafi ya haura digiri 300. Don haka ana dumama kowane ɓangare, sinadarin ya tashi tururi, a sanyaya shi a mayar da shi farkon aiki. Wannan dumamawa da sanyayawa su ne ke cinye mafi yawan makamashin sashen. Man da aka cire tare da kaki mai laushi kan koma sashen fasa mai inda ake yin fetur da shi.

Darajoji da awo

Kasuwa tana raba kaki bisa man da ya rage. Wanda aka tace cikakke yana da ƙasa da rabin kashi 1 cikin 100. Mai rabin tacewa yana kaiwa wajen kashi 1.5. Awon da ake yi a ɗakin gwaji, mai lamba ASTM D721, ƙaramin kwaikwayo ne na aikin matata: a narkar da samfurin a MEK, a sanyaya zuwa digiri 32 ƙasa da sifiri, a tace, a auna man da ya fito. Lambobin da ake bugawa a jikin buhu, irin su 56/58 ko 58/60, suna nuna digirin da kakin ke narkewa. Kakin da zai taɓa abinci, magani ko fata yana bukatar ƙarin mataki: a ratsa shi da iskar haidirojin a kan zafi da matsi domin kawar da launi, wari, farar wuta da wasu sinadarai masu zobba da aka san suna iya jawo sankara.

Cadi da Nijar: kaki a cikin ɗanyen mai, babu sashen tace shi

Matatar Djarmaya, arewa da N'Djamena, shugaba Idriss Déby Itno ne ya buɗe ta a watan Yunin 2011. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin yana da kashi 60, gwamnatin Cadi kashi 40, kuma ƙarfinta ganga 20,000 ne a rana. Ɗanyen man yana zuwa ta bututu mai tsawon kilomita 311 daga rijiyoyin Rônier da Mimosa a yankin Bongor. Man Bongor yana da kaki da yawa, abin da ke sa shi saurin kama jiki a cikin bututu. Amma an gina Djarmaya ne domin makamashi: fetur, gazuwal, kananzir, gas ɗin girki, baƙin mai, da ƙwayoyin robar polipropilin. Kakin da ke cikin ɗanyen man ana farfasa shi ne ya zama mai. Haka abin yake a matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a watan Nuwamban 2011 da irin wannan ƙarfi da irin wannan rabon hannun jari, tana tace man Agadem.

Dalilin na lissafi ne. Sashen cire mai daga kaki ba ya tsayuwa shi kaɗai: yana bukatar tukunyar tacewa marar iska, injinan sanyi, sinadaran da za a shigo da su daga waje, da kasuwar man inji mai faɗi da za ta biya kuɗin gini. Matata mai ganga 20,000 a ƙasar da ba ta da teku ta fi samun riba a fetur da gazuwal.

Kaduna: misali mafi kusa

A duk ƙasar Hausa da kewayenta, matatar Kaduna ce aka gina da cikakken wannan sashe. Kamfanin Chiyoda na Japan ne ya gina ta, aka buɗe ta a 1980, daga baya ƙarfinta ya kai ganga 110,000 a rana. Ɓangarenta na man inji an tsara shi ne domin ɗanyen mai mai nauyi da ake shigowa da shi daga Benezuwela, Kuwaiti ko Saudiyya, a turo shi ta bututu daga gaɓar teku zuwa arewa. Yana da sashen cire kwalta da furofen, sashen tsarkake mai da furfural, sashen MEK na raba kaki da mai, da sashen gyara kaki da haidirojin. Matatar ta shafe shekaru a tsaye, masu yin kyandir na Kano da sauran garuruwa suka koma dogaro da kakin waje.

A duniya ma kakin fetur yana raguwa. Sababbin matatu suna amfani da wata fasaha da ke sauya fasalin kakin ya zama man inji kai tsaye, ba tare da an tsame shi ba, tsofaffin sassan MEK kuma ana rufe su a Turai da Amurka. Ƙasar Sin, wadda man Daqing nata ke da kaki sosai, ita ce kan gaba wajen fitar da shi. A Afirka, Masar tana tace shi a Iskandariyya, kamfanin Sasol na Afirka ta Kudu kuma yana haɗa nasa daga gas. Kayan da ke zuwa N'Djamena daga teku kan sauka a Duwala, su bi ta Ngaoundéré zuwa Kuseri su tsallaka gadar Nguéli, ko su fito daga Kano ta Maiduguri da Gamboru.

Abin da mai saye zai duba

A watannin Maris zuwa Mayu zafin N'Djamena kan haura digiri 40, cikin shago mai rufin kwano kuma ya fi haka. Kyandir mai yawan mai yana tanƙwarewa, ya manne da ɗan'uwansa, ya jiƙa fakiti. Kaki mai kyau fari ne, busasshe a hannu, ba shi da warin gazuwal, yana karyewa ƙas. Idan aka ɗora gutsurensa a kan farar takarda a wuri mai ɗumi ya bar tabon maiƙo, man da ke cikinsa ya yi yawa. Ga ƙasa mai zafi, lamba 58/60 ta fi 52/54 jurewa.

Ɗanyen kaki yana da amfaninsa a masana'antar katako da ashana, amma bai dace da man shafawa ko naɗe abinci ba, komai arahar sa. Cire masa mai kuma ba aikin gida ba ne: MEK yana kama wuta nan take, shaƙar toluwin tana illa ga ƙwaƙwalwa. Masu narkar da kaki a gida su ɗora tukunyarsa cikin wata tukunyar ruwan zafi maimakon kan wuta kai tsaye. Idan ya kama wuta, a rufe shi da murfi ko yashi, domin zuba ruwa yana watsa wutar.