Daga Garu Zuwa Awon Igiya: Yadda Aka Yanka Ƙasar Dutse

Duk wanda ya san Dutse kafin ranar 27 ga Agusta, 1991, ya san cewa garin bai wuce Garu da 'yan unguwannin da ke gindin duwatsu ba. Abin da ya rage gonaki ne da fadamu da itatuwan dabino, sai ƙauyuka irin su Limawa da Fagoji da Madobi, kowanne da filin kiwonsa da maƙabartarsa. A ranar ce gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Jigawa daga Kano, ta ce Dutse ce hedikwata. Dare ɗaya hedikwatar ƙaramar hukuma ta zama babban birnin jiha, alhali ba ta da ofisoshin da za su ɗauki ma'aikatu, balle gidajen da ma'aikata za su kwana.

Kada mu ɗauka cewa kakanninmu ba su san tsarin gari ba. Sun zagaye Garu da ganuwa, suka bar duwatsu su zama garkuwa, suka ware wurin kasuwa da na masallaci, suka bar burtali domin shanu su wuce ba tare da sun shiga gonar kowa ba. Ba a rubuta wannan a takarda ba, amma mai unguwa da dagaci da hakimi sun san iyakar kowa, kuma itacen kuka ko jerin dabino ya isa shaida.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne Dokar Mallakar Filaye ta 1978, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A ƙarƙashinta gwamna ne ke ayyana yankin da ya zama birni, shi ne kuma ke ba da takardar mallaka a cikinsa. Idan gwamnati ta karɓi gona domin amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta amfanin gona ce da itatuwa da gini, ƙasar kanta ba ta da farashi. Kafin 1991 wannan doka labari ce kawai ga manomin Dutse. Bayan an kafa jiha sai ga ma'auna da turakun siminti a cikin dawarsa. Da yawa daga cikinmu 'ya'yan waɗannan manoma ne, kuma mun san yadda kuɗin diyya ke ƙarewa kafin damina ta zagayo.

A kan irin waɗannan gonaki aka shimfiɗa Takur da rukunin gidajen da muke kira Gida Dubu, aka kuma kafa hukumar raya babban birni, wato DCDA, domin ta tsara unguwanni da hanyoyi. Sai dai ginin bai tafi a jere ba. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, an rarraba ma'aikatu zuwa hedikwatocin masarautu irin su Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim, da niyyar kowane yanki ya ɗanɗani gwamnati. Niyyar tana da hujjarta, amma Dutse ce ta biya kuɗin. Filayen da aka yanka suka zauna ciyawa na cin su, ma'aikata da dama kuwa a Kano suke kwana, su yi sammako su zo aiki, la'asar ta yi su juya.

Da Sule Lamido ya hau a 2007 sai ya maido da ma'aikatu Dutse. Cikin shekara takwas aka gina sabuwar sakatariya da manyan tituna, Jami'ar Tarayya ta zo a 2011, aka buɗe filin jirgin sama a 2014. A nan ne farashin fili ya tashi, a nan ne kuma labarin ya shafe mu kai tsaye.

Manomin da ya ga yadda aka yi wa maƙwabcinsa ba ya jiran gwamnati ta iso. Sai ya kira dillali, a ɗauko igiya, a yanka gonar gida-gida a sayar. Wannan shi ne awon igiya: ba a barin hanyar da mota biyu za su gifta, ba magudanar ruwa, ba filin makaranta ko na asibiti, wani lokaci har kan hanyar ruwan da ke gangarowa daga duwatsu. Su wa ke saye? Mu faɗi gaskiya, galibi mu ne mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas. Mukan aiko da kuɗi ta waya, ɗan'uwa ya karɓi takardar mai unguwa, ba mu taka wurin ba balle mu tambaya ko yana cikin taswirar hukuma. Mu ja katanga, mu sa ƙofar ƙarfe, mu tafi shekara goma. Ambaliyar 2022 da ta ɗaiɗaita sassan Jigawa ta nuna mana cewa ruwa ba ya manta hanyarsa, ko da an sayar da ita.

Dabinon da aka san Dutse da shi, har aka kafa masa tashar bincike ta tarayya a garin, yana cikin abin da igiyar ke ci. Itacen da ya yi shekara hamsin yana ciyar da gida, gatari na kayar da shi cikin yini guda domin a sami wurin harsashin ɗaki biyu. Burtalin da ke tsakanin ƙauyuka ma ya soma shiga cikin katangu, kuma wasu daga cikin katangun nan namu ne.