Mumbari da ɗigon rigakafi: yadda Kano ta rabu da shan inna

A shekarar 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin shan inna a Jihar Kano, bayan Majalisar Ƙoli ta Shari'a, ƙarƙashin Dakta Datti Ahmad, ta yi zargin an gauraya maganin da sinadarin hana haihuwa. Sai Yulin 2004 aka koma aiki. Zargin bai tabbata ba, amma ɓarna ta riga ta auku: ƙwayar cutar ta tsallaka iyaka, ta koma ƙasashe kusan 20 da suka rabu da ita, yara suka shanye.

Wasu manazarta sun riƙi wannan a matsayin hujja cewa addini tarnaƙi ne ga ci gaban ƙasa. Sun yi gaggawar yanke hukunci. Tsoron Kanawa yana da asali: a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara 200, 11 suka rasu. Uwar da ta kai ɗanta asibiti da zazzaɓin cizon sauro aka ce ta sayo magani, sannan ta ga baƙi har ƙofar gida da ɗigo kyauta, dole ta yi tambaya. Limamin unguwa take tambaya, domin shi ya raɗa wa ɗan suna.

Ta wannan ƙofar aka samo bakin zaren. Kano ta karɓi maganin da aka haɗa a Indonesiya, ƙasar Musulmi. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a ƙarƙashin inuwar Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar. Hakimai, dagatai da masu unguwanni suka shiga gaban ma'aikata, limamai suka ɗauki maganar a huɗuba. Hanyar ba ta zo da sauƙi ba. A Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe masu rigakafi tara a Kano. Duk da haka, yaron ƙarshe da ainihin ƙwayar ta kama a jihar an same shi a Sumaila cikin 2014, kuma a Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta wanke Afirka daga ita.

Abin takaicin shi ne sai da tura ta kai bango aka nemi malamai. Har yau Arewa maso Yamma tana sahun baya a rigakafin ƙyanda da sauran alluran yara. Ya kamata a zaunar da limamai tun ranar tsara irin waɗannan shirye-shirye, a buɗe musu bayanan likitoci, a amsa tambayoyinsu kafin ma'aikata su fita da akwatunan ƙanƙara.