Fasfo a Tarayyar Sobiyet: Tarihin Takarda da Kalmomin da Ta Haifar

1.0 Gabatarwa

Ga Bahaushe, fasfo takarda ce da maniyyaci ko ɗan kasuwa ke nema idan zai ƙetare iyaka. A Tarayyar Sobiyet kuwa, kalmar pasport ta ƙunshi takardu biyu, wato fasfon cikin gida da na fita waje. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda hukuma ta yi amfani da su wajen tsare jama'a, da irin kalmomin da hakan ya shigar cikin Rashanci.

2.0 Fasfon Cikin Gida

Bayan juyin juya halin 1917 an soke fasfon zamanin sarakuna, amma gwamnatin Stalin ta maido da shi ranar 27 ga Disamba, 1932. An wajabta shi ga mazauna birane da ma'aikata masu shekara 16 zuwa sama. A cikinsa ake buga hatimin propiska, wato izinin zama a wani gari. Wanda ba shi da hatimin ba zai sami aiki ko ɗaki a garin ba.

Abin lura shi ne, ba a ba manoman gonakin haɗin gwiwa wannan fasfo ba, alhali a lokacin yunwa na kashe miliyoyin mutane a Yukren da Kazakistan. Ke nan hana takardar ya zama hana gudun yunwa. A Janairu 1933 ma sai da aka ba da umarni musamman na tare manoman da ke barin Yukren da Kuban. Sai a 1974 aka zartar cewa kowa ya sami fasfo, aka yi rabon daga 1976 zuwa 1981.

Akwai kuma gurbin ƙabila, wanda ya fi shafar masana harshe. Da farko mutum ne ke faɗin ƙabilarsa, amma daga 1938 sai aka riƙa bin ta iyaye, ko da kuwa ba ya jin harshenta. Bayahuden da bai san wani harshe ba sai Rashanci, Bayahude takarda ta kira shi, kuma wannan ya toshe wa da yawa ƙofar jami'a da ta aiki. Jama'a suka laƙaba wa gurbin suna “layi na biyar”. Rasha ta cire shi a 1997.

3.0 Fasfon Fita Waje

Wannan ba haƙƙi ba ne, alfarma ce. Mai son tafiya zai kawo shaidar hali daga wurin aikinsa, da sa hannun shugaban wurin da na sakataren jam'iyya da na ƙungiyar ƙwadago, sannan kwamiti ya yi masa tambayoyi, hukumar KGB kuma ta bincika shi a ɓoye. Idan ya dawo, sai ya mayar da fasfon. Daga nan aka sami kalmomi biyu: vyezdnoy, wanda aka yarda ya fita, da nevyezdnoy, wanda ba a yarda ba. A ganina babu abin da ya fi wannan nauyi ga masanin harshe, musamman idan aka tuna cewa a Mosko aka buga ƙamus na Hausa da Rashanci a 1963 a ƙarƙashin D. A. Olderogge. Samun zama cikin masu harshen da ake nazari ya rataya ne ga hukuncin kwamiti.

Masu neman ƙaura dungurungum, galibi Yahudawa, ofishin OVIR suke zuwa. Wanda aka hana ana ce masa otkaznik, kuma sau da yawa yakan rasa aikinsa. A 1972 aka ɗora wa masu ilimi mai zurfi harajin biyan kuɗin karatunsu kafin su fita, abin da ya sa majalisar Amurka ta yi dokar Jackson-Vanik a 1974. Waɗanda aka bari su tafi Isra'ila kuwa, sai da suka ajiye zama 'yan ƙasa, suka fita da takardar biza kawai.

An zartar da dokar 'yancin fita ranar 20 ga Mayu, 1991, a kan ta fara aiki sosai ranar 1 ga Janairu, 1993. Kafin ranar ta zo, Tarayyar ta riga ta wargaje a Disamba 1991.