Sefa Dubu 50: Ɗalibin Arewacin Kamaru da Gyaran 1993

Kafin shekarar 1993, jami'a ɗaya tak Kamaru ke da ita, tana Yawunde. Yaron da ya tashi a unguwar Djamboutou ta Garwa, in ya sami gurbi, sai ya nausa kudu: mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa zuwa babban birni. Akwai nisa, amma gwamnati tana biyan alawus, kuma da shi ɗan talaka yake ci, yake biyan haya.

A watan Janairun 1993 gwamnatin Paul Biya ta mai da jami'o'in shida, har da ta Ngaundere. Cikin gyaran nan ne aka soke alawus, aka ɗora kuɗin rajista sefa dubu 50 a shekara. Hukuma ta ce ta kawo ilmi kusa. Ɗalibai suka ga an ba su da dama, an karɓe da hagu, kuma suna da hujja: bayan shekara guda aka karya darajar sefa da rabi, ga iyayen da yawansu manoman auduga ne.

A yajin 2005 ƙungiyar ɗalibai ta ADDEC ta nemi a soke kuɗin, ba a soke ba. Marwa ta sami jami'arta a 2008. Garwa kuwa sai 2022.