Nonon Awakin 1908: Wahala da Bangaskiya a Rayuwar Charles de Foucauld

Ranar 15 ga Mayu 2022 Paparoma Francis ya sanya Charles de Foucauld cikin waliyyan Cocin Katolika. Masu wa'azi sun fi tsayawa kan mutuwarsa: an harbe shi a ƙofar gidansa a Tamanrasat, kudancin Aljeriya, ranar 1 ga Disamba 1916. A ganina, Kiristan da ke zaune a Tarka ko Tanut a ƙasar Damargu bai kamata ya gina tunaninsa game da wahala a kan wannan mutuwa ba.

Dalilin yana cikin tarihin yankin. A watan da aka kashe shi ne Kawusan, jagoran Abzinawa haifaffen Damargu, ya yi wa sansanin Faransawa ƙawanya a Agadas. Yaƙi ake yi. Foucauld tsohon hafsan sojan Faransa ne, yana musayar wasiƙu da hafsoshi, akwai kuma bindigogi a ajiye cikin ganuwar gidansa. Da Faransawa suka ƙwato Agadas a watan Maris 1917, sun kashe mutane da yawa, har da malamai. Duk wanda ya yi kukan mutum ɗaya ya tsallake waɗannan, bai yi wa maƙwabtansa Abzinawa adalci ba.

Abin da ya fi cancantar nazari ya faru ne a farkon 1908. Fari ya daɗe a ƙasar Ahaggar inda Tamanrasat take, nonon awaki ya ƙafe. Foucauld ya rabar da abincin da ya tara, yunwa da aiki suka kwantar da shi, har ya sa ran mutuwa. Sai Abzinawa, Musulmi, su ma cikin yunwa, suka bi rugagen da ke kewaye suna neman akuyar da ta rage da ɗan nono, suna tatsowa suna kawo masa. Ya tashi.

Kafin nan shi ne mai bayarwa: magani, allura, hatsi. Ciwo ya mai da shi mai miƙa ƙwarya. A nan nake ganin ma'anar wahala a bangaskiyar Kirista, domin Almasihun da Linjila ta nuna shi ma ya roƙi ruwa a bakin rijiya daga hannun macen da ba ta jama'arsa ba. Wahala ba ta tsarkake mutum don zafinta kawai. Abin da takan iya yi shi ne ta karya girman kan mai taimako.

Mutanen Damargu, da suka ga farin 1973, da na 1984, da yunwar 2005, ba sa bukatar dogon bayani. Makiyayin da garkensa ya ƙare ya san nauyin karɓar saniyar habbanaye, wato saniyar aro. Kiristocin yankin ƙalilan ne, a ƙarƙashin dayosis ɗin Maraɗi da aka kafa a 2001, kuma ruwansu da hatsinsu da tsaronsu yawanci a hannun maƙwabta Musulmi suke. Matsayin Foucauld ke nan bayan ya warke: ya ci gaba da tattara waƙoƙin Abzinawa da rubuta ƙamus ɗin harshensu, wanda aka buga cikin juzu'i 4 a 1951 zuwa 1952, kuma har ya mutu bai yi wa ko Ba'abzine ɗaya baftisma a Tamanrasat ba.