Farar Shat a Tarihin Suturar Mata

Farar shat riga ce ta auduga ko lilin, mai kwala da maɓallai a gaba, wadda a yau ake lissafa ta cikin tufafin da ba a raba akwatin mace da su a Turai da Amurka. Asalinta ba ta mata kaɗai ba ce, ba ma ta fita ba ce. Ɗaruruwan shekaru Turawa, maza da mata, suna sa farar riga a ƙarƙashin tufafinsu don ta tsare gumi daga ɓata siliki da ulu masu wuyar wanki. Abin da ido ke gani shi ne kwala da bakin hannu kaɗai, kuma haskensu ne ke nuna matsayin mutum. Fari ba ya ɓoye dauɗa, saboda haka duk wanda aka gani da shi fes kullum, an san yana da masu yi masa wanki da guga.

A 1783 aka fara ganin ta a fili, lokacin da mai zane Élisabeth Vigée Le Brun ta nuna hoton sarauniyar Faransa, Marie Antoinette, sanye da farar riga ta yadin auduga mai shara-shara. Mutanen Paris suka ce sarauniya ta fito da rigar ciki, aka yi ta ce-ce-ku-ce har aka janye hoton daga wurin nuni. Masaƙan siliki na garin Lyon ma ba su ji daɗi ba, don audugar daga waje ake shigo da ita. Duk da haka matan fada suka ɗauki yayin. Wannan riga dai doguwa ce. Shat mai kama da ta maza sai a shekarun 1860 ta shiga hannun mata, da sunan rigar Garibaldi, wadda aka kwaikwayo daga jajayen rigunan mayaƙan Giuseppe Garibaldi na Italiya, daga baya aka riƙa ɗinka ta da farin yadi.

Wurin da ta kafu sosai shi ne Amurka a shekarun 1890. Keken ɗinki ya riga ya yawaita, masana'antu suna fitar da riguna ɗinkakku da araha, mata kuma suna shiga aikin albashi: koyarwa, buga tafireta, haɗa layin tarho, tsaron kanti. Mace mai ƙaramin albashi ta samu mafita. Siket ɗaya mai duhu da farar shat biyu ko uku sun ishe ta mako, ta wanke wannan ta sa sitaci, ta saka waccan. Zanen da Charles Dana Gibson ya riƙa yi a mujallu, na budurwa mai tsayi da farar riga da gashi a tattare, ya ƙara mata farin jini, har 'yar attajiri da 'yar leburan masana'anta suka koma shiga iri ɗaya idan an hango su daga nesa.

Sai dai arahar ba daga sama ta faɗo ba. Yawancin masu ɗinkin a New York 'yan mata ne baƙi daga ƙetare, Yahudawan gabashin Turai da Italiyawa, masu wuni kan keke don ladan da bai taka kara ya karya ba. A Nuwamban 1909 kimanin dubu ashirin daga cikinsu suka shiga yajin aiki, bayan wata matashiya mai suna Clara Lemlich ta miƙe a taro ta nemi a daina dogon jawabi a ajiye aiki. Wasu kamfanoni sun sassauta, wasu sun ƙi. Cikin waɗanda suka ƙi amincewa da ƙungiyar ƙwadago akwai kamfanin Triangle. Ranar 25 ga Maris 1911, da yammacin Asabar, gobara ta tashi a masana'antarsa da ke hawa na takwas zuwa na goma na wani bene. An kulle wata ƙofar fita, tsanin 'yan kwana-kwana kuma bai kai can ba. Mutum 146 suka rasu, 123 daga ciki mata ne da 'yan mata, da yawa sun diro ne ta taga. Frances Perkins, wadda ta ga abin da idonta, ta shiga fafutukar dokokin kare ma'aikata, kuma a 1933 ta zama sakatariyar ƙwadago, mace ta farko a majalisar ministocin Amurka.

Bayan nan labarin ya koma hannun masu zayyana da taurari, kuma shi aka fi maimaitawa ko da yake bai kai na baya nauyi ba. Coco Chanel ta ari salon kayan maza a shekarun 1920. Katharine Hepburn ta haɗa shat da wando a lokacin da ake ganin hakan rashin kunya ne. Audrey Hepburn ta sa ta da hannu a naɗe a fim ɗin Roman Holiday na 1953, mawaƙiya Patti Smith kuma ta fito da ita a bangon faifanta Horses a 1975, a hoton da Robert Mapplethorpe ya ɗauka. A bikin Oscar na 1998 Sharon Stone ta zo da shat ta kamfanin Gap a kan siket ɗin Vera Wang. Injin wanki da yaduka marasa yamutsewa sun rage wahalar kula da ita, ɗinkin kuma ya ƙaura zuwa ƙasashe irin su Sin, Bangladesh da Vietnam, inda har yanzu mata ne suka fi yawa a kan kekunan.

A ƙasar Hausa ba ta ture atamfa da leshi ba. Ta shigo ne ta ƙofar makaranta da ofis, kuma an fi ganinta a jikin ɗalibai mata masu karatun lauya a jami'o'in Nijeriya, waɗanda ƙa'ida ta ɗora wa fari da baƙi, galibi da dogon siket da hijabi a sama.